Kajin Azara a Littafin Bature

Mista Garawe ɗan jarida ne daga Ingila, amma ba labarin yaƙi yake bi ba. Farashi yake bi. Duk ƙasar da burodi ya yi tsada, ko shinkafa ta ɓace a kasuwa, can za a gan shi da ɗan littafi a aljihu da fensir a bayan kunne. An ce ɗan mai kanti ne, tun yana yaro yake auna sukari a sikeli, shi ya sa bai yarda da komai ba sai abin da idonsa ya gani. Ya iso Alƙahira a farkon 1977, makonni kaɗan bayan mutane sun fito titi suna ƙone-ƙone saboda an ce za a ƙara kuɗin burodi. Ya sauka a wani ƙaramin masauki a tsakiyar gari, inda Malam Gidaɗo yake aikin guga.

Gidaɗo mutumin Gusau ne. Ya baro gida yana saurayi da niyyar hajji, ya yi shekara huɗu a Sudan yana tsinkar auduga, ya sauke farali, sannan hanya ta karkato da shi Masar ya zauna. Kafin ya taso ya yi wa wani Bature boyi a Kano, a can ya tsinci Turancin da yake ɗan lallaɓawa da shi. Yana zaune a unguwar Abbasiya, a ɗaki biyu can ƙarshen bene, da matarsa Azara da ɗansu Mas'udu. Sun binne 'ya'ya uku, shi kaɗai Allah ya bar musu.

Wannan yaro shi ne duk abin da Gidaɗo yake tashi da shi yake kwana da shi a zuciya. Shekararsa sha takwas, yana ajin ƙarshe na sakandare, malamansa kuma sun ce kansa na likita ne. Amma ɗan baƙo ba ya shiga makarantar likitanci kyauta. Ƙofa ɗaya ce a buɗe: wata gidauniya ta wasu attajirai, wadda kowace shekara take ɗaukar nauyin yara biyu daga 'ya'yan talakawan Afirka mazauna gari. An riga an rubuta sunan Mas'udu. Abin da ya rage shi ne ya ci jarrabawa, kwamiti kuma ya gamsu cewa ubansa ba shi da hali.

Wata safiya Gidaɗo ya kai wa Bature rigunansa, ya gaishe shi da Turanci. Mista Garawe ya ɗago kai.

"Kana jin Turanci? Zauna, zauna. Nawa kake sayen burodi?"

Ya yi ta tambaya yana rubutawa, har gawayin dutsen guga ya mutu a ƙasa. A ƙarshe ya ce, "Mista Gidado, manyan ofis duk na gaji da su. Ina so in ga yadda talaka yake ci a gidansa. Zan iya zuwa naka ranar Juma'a?"

Gidaɗo ya ce ai gidansa ne. Ya koma da la'asar yana haki a matakala, tun daga ƙofa ya ce, "Azara, muna da baƙo."

A gidan nan abinci sananne ne: wake da burodi da safe, wake da burodi da yamma, in Allah ya buɗa a yanka albasa a kai. Nama sai da layya, in maƙwabta sun aiko. Azara tana da kaji biyar a saman bene, ƙwansu take sayarwa ta saya wa yaro littattafai. Abincinsu ɓawon burodin da baƙin masauki suka rage a faranti, wanda Gidaɗo yake tattarowa a buhu, don a ganinsa zunubi ne a zubar.

"Kaji biyu za a yanka," in ji Gidaɗo.

"Biyu, Malam? Masu ƙwan?"

"To Bature zai ci wake a gidana? Ya je ya faɗa a ƙasarsu?"

Kafin Alhamis labari ya zaga Hausawan unguwa, kowa kuma ya ɗauki abin nasa ne. Hadi tela ya aiko da kafet ɗinsa. Matarsa Indo ta hau bene da faranti na tangaran da kofunan gilashi, tana nishi. "In kika fasa mini ɗaya, Azara, sai dai Baturen ya aure ni ya biya." Nata'ala mai turare ya kawo rediyonsa mai ido ja, ya ɗora a kan akwati, ya ja baya yana kallo. "Yanzu ɗaki ya zama ɗaki."

Mas'udu yana gefe da littafinsa, da suka fita ya rufe shi.

"Baba, mutumin nan ba cin abinci zai zo ba. Kallo zai zo yi. Rubutawa zai yi."

"To ya rubuta cewa ya zo gidan mutane masu mutunci."

"Amma Baba, shi abin da yake nema..."

"Kai yaro, boko ne ya gaya maka a buɗe wa baƙo cikin tukunya? Tun kana ciki nake karɓar baƙi. Tashi ka ɗebo ruwa."

Ranar Juma'a bayan masallaci Mista Garawe ya zo, ya cire takalmi a ƙofa ba a ce masa ba, abin da ya burge kowa. Aka shimfiɗa masa kaza a kan shinkafa, ga miyar lalo, ga funkason Indo, ga zoɓo mai sanyi. Ya ci sosai. Yana ci yana zagaya ido: kafet, rediyo, tangaran. Sannan ya fito da ɗan littafin.

"Haka kuke ci kullum?"

Mas'udu ya buɗe baki. Uban ya dube shi sau ɗaya, ya rufe.

"Alhamdu lillahi," in ji Gidaɗo. "Haka."

"Kaza? Kullum?"

"In ba kaza ba, rago."

"Da albashin guga?"

Gidaɗo ya yi murmushi, ya tura masa cinyar da ta rage. "Allah ne mai ciyarwa. Ƙara, ba ka ci komai ba."

Sau uku Bature ya tambaya, sau uku aka ba shi amsa ɗaya. Ba don Gidaɗo maƙaryaci ba ne. A inda ya taso, mutum ba ya cewa yana jin yunwa a gaban wanda yake cin abincinsa. Da ya faɗi haka, gara ya fita tsirara kasuwa.

Bayan an wanke hannu suka hau saman bene shan iska. Kaji ukun da suka rage suna tsattsagar burodi, buhun kuma yana jingine a bango, bakinsa a buɗe. Mista Garawe ya tsaya cak, kamar mafarauci ya hango nama.

"Burodi kuke ba su?"

"Suna sonsa ƙwarai," in ji Gidaɗo.

Bai tambayi inda burodin ya fito ba, Gidaɗo kuma bai ga dalilin gaya wa baƙo cewa saura yake kwasowa ba. Bature ya ɗauki hoton kajin, kamar yadda ya ɗauki na Gidaɗo a gaban abinci, ya gode, ya tafi. Da yamma aka mayar wa kowa kayansa, ɗaki ya koma tabarma da akwati, Azara ta dafa ƙasusuwan suka sha romo kwana biyu.

Wata biyu bayan haka, mai gadin gidansu ya tare Gidaɗo a ƙofa, ya ƙame kamar soja.

"Ahlan ya basha! A share wa babban attajiri hanya!"

Yana riƙe da jarida. Wata jaridar gari ce ta fassaro rubutun Mista Garawe daga ta Landan, da hotuna biyu: Gidaɗo a gaban tire yana dariya, da kajin Azara a kan burodi. Mas'udu ne ya karanta masa a ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa. Bature ya rubuta cewa gwamnati tana zuba dukiya don burodi ya yi araha, ana kuka da sunan talaka, alhali shi da idonsa ya ga mai guga, baƙo ma ba ɗan ƙasa ba, yana zaune a kan kafet yana cin nama kullum, burodin kuwa ya yi masa arahar da kaji yake zuba wa. Ya sa sunan Gidaɗo cikakke, da unguwa, har da cewa ɗansa zai zama likita.

"Ya yaba abincin?" in ji Azara daga bayan labule.

Mas'udu ya ninke jaridar, ya ajiye.

Washegari a layin burodi, mai gasawa ya ɗaga burodin sama, bai miƙa wa Gidaɗo ba. "Na mutane ko na kaji, ya Hajji? Layin kaji yana baya." Mutane suka yi dariya, amma wata tsohuwa ba ta yi ba, ta tofar da yawu kusa da ƙafarsa, ta ce ɗanta yana tsare tun ranar zanga-zanga saboda burodin nan. Daga ranar Azara ce take zuwa layi, da mayafi har hanci.

Sakamako ya fito a tsakiyar zafi. Mas'udu ya zo na biyu a makarantarsu duka. Gidaɗo ya goge rigarsa mai kyau ya rataye, sannan ya yi tunani, ya sauke ta ya sa tsohuwar. Suka tafi ofishin gidauniya. Mutum uku ne a bayan tebur, na tsakiya wani tsohon likita mai farin gashi. Jaridar tana gabansa, an zagaye hoton da jan biro.

"Maki ya yi kyau, masha Allah," in ji likitan. "Amma ya Hajji, mu marayu da 'ya'yan masu kwana da yunwa muke ɗauka. Wannan kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma kafet ɗin na Hadi ne. Rediyon na Nata'ala. Kajin..."

"Ka gaya wa mutumin kana cin nama kullum?"

"Na gaya masa."

"Gaskiya ne?"

"A'a."

"To yau gaskiya kake gaya mana, ko irin ta ranar?"

Gidaɗo ya matso gaban teburin. Ya ce a zo a duba gidansa, yanzu ma, a buɗe tukunya. Na hannun dama ya yi dariya ya ce ai wanda ya iya shigo da kafet don Bature ya iya fitar da shi don kwamiti. Likitan bai yi dariya ba. Ya ce masu ba da dukiyar suna karanta jarida, ba zai iya kai musu wannan sunan ba.

"Sai dai in shi wanda ya rubuta ya aiko mana da takarda da hannunsa, ya ce ya yi kuskure. In ta zo, ko baɗi ne, za mu duba. Ma'alish, sai haƙuri."

A cikin bas Mas'udu ya tsaya yana riƙe da ƙarfe, yana kallon waje. Uban ya so a ce yaron ya yi masa faɗa, ko ya yi kuka, ko ya ce, "Ai na gaya maka." Bai yi ko ɗaya ba. Da suka sauka ma shi ya riƙe wa uban hannu suka tsallaka titi.

Sun rubuta wa Mista Garawe wasiƙa uku. Gidaɗo yana faɗa da Hausa, yaron yana juyawa da Turanci. Ta farko shafi biyu ce, rabinta gaisuwa: ya iyali, ya sanyi, ya gajiyar hanya. Mas'udu ya ce a fara da maganar, uban ya ce ba a shiga gidan mutum ta taga. Ta biyu bayan wata shida. Ta uku Mas'udu ya rubuta ta, ya liƙe, ya ce, "Baba, wannan ce ta ƙarshe da hannuna." Kowace safiya Gidaɗo sai ya leƙa akwatin wasiƙun masauki kafin ya hura gawayi. Ba abin da ya zo.

Labarin Baturen dai yana zuwa. Mai masaukin yana alfahari da shi, duk abin da ya gani sai ya kira Gidaɗo ya nuna masa. Ga mutuminka a Indiya. Ga shi an ba shi babban muƙami a jaridarsu. Ga shi ya fitar da littafi a kan abinci da gwamnatoci, an juya shi harshe tara, babi na farko kuma sunansa "Kajin Abbasiya". An ce har a jami'o'i ana karantar da shi, manyan da ke yanke farashi suna kafa hujja da kajin nan. Wata rana Gidaɗo ya ji muryarsa a rediyon masauki, yana ba da labarin cinyar kazar, masu sauraro suna dariya. Azara kuwa ta daɗe da sayar da sauran ukun, ta ce ba ta iya kallonsu.

Mas'udu ya yi shekara biyu yana wanke kwalabe a wani kantin magani, yana karanta takardun cikin kwali. Daga baya ya daina karantawa. Ya koyi tuƙi, ya samu ƙaramar bas ta haya tsakanin Abbasiya da unguwar Hayyis Sabi'. Ya auri Husaina 'yar Hadi, suka haifi mace. Bai taɓa ta da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ne yake cin Gidaɗo fiye da zagi. In Gidaɗo ya ga matashi da farar riga ta asibiti a titi, sai ya sauya hanya.

A 1985 Mista Garawe ya dawo Alƙahira yin lacca. Wannan karon a babban otal na bakin kogi ya sauka, amma ya aiko mota masaukin a ɗauko masa tsohon abokinsa. Ya yi ƙiba, gashi ya zube, fensirin ya koma alƙalami mai ruwan zinariya. Ya rungume Gidaɗo, ya ba shi littafin da sa hannu a ciki.

"Kai ka yi ni, Mista Gidado. Ko'ina na je, kajinka ake tambayata. Ina likitanmu?"

"Yana tuƙa bas."

Gidaɗo bai yi gaisuwa mai tsawo ba. Shekara takwas yana shirya maganar, ta fito a tsaye. Ya faɗi na wane ne kafet, na wane ne rediyo, kaji nawa ne a gidan kafin ranar da bayanta, daga farantin wa burodin yake fitowa. Ya faɗi abin da likita mai farin gashi ya ce. Bature ya ajiye kofinsa.

"Amma na tambaye ka. Sau uku na tambaye ka."

"Ka tambaya."

"To me ya sa?"

"Kana cin abincina."

Mista Garawe ya shafa kansa, ya dubi kogi. Ya ce ya tuna wasiƙa ɗaya ta zo. Ya karanta shafin farko, ya ga gaisuwa ce, ya ɗauka irin waɗanda ake aiko masa ne daga ko'ina ana neman taimako, ya ajiye. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai lallashin yaro, maganar da ke cikin littafin dai gaskiya ce ko da kajin ko babu su, akwai alƙaluma masu yawa da suka nuna haka.

"To a cire kajin," in ji Gidaɗo.

"Ba zai yiwu ba. Mutane ba sa tuna alƙaluma. Kajin suke tunawa."

"Takardar fa?"

"Wannan mai sauƙi ce."

Ya jawo takardar otal, ya rubuta layi shida, ya sa hannu. Gidaɗo yana kallon agogon bango: ko minti uku ba a yi ba. Bature ya ce a kira mota ta mayar da shi, Gidaɗo ya ce zai taka.

Bai je gida ba. Ya wuce tashar Abbasiya da takardar a ƙirji, cikin riga, yana dafe da ita kamar za ta tashi. Rana tana tsaka, hayaƙi da hon sun cika wuri. Ya sami Mas'udu a bakin motarsa yana kiran fasinja da murya irin ta 'yan tasha, wadda uban bai san yaushe ya koye ta ba.

"Baba, lafiya? Umma ce?"

"Lafiya lau. Karanta."

Mas'udu ya goge hannu a wando, ya karɓa. Ya karanta har ƙasa, leɓensa yana motsi. Ya koma sama ya sake.

"Gobe da safe mu je," in ji Gidaɗo. "Na tambaya, ofishin yana nan. Likitan ya rasu, amma takarda takarda ce. Sun ce in ta zo za su duba. Ni zan riƙe Husaina da yarinyar, ina da ƙarfina, zan ƙara karɓar guga a unguwa..."

"Baba."

"Shekara shida ce kawai. Kamar yau ne."

"Baba, ba sa ɗaukar wanda ya wuce ashirin da biyu. Na je na tambaya da kaina, shekarar da na cika." Ya ninke takardar yadda take. "Ko sun ɗauka, kan ya tafi. Rannan Husaina ta miƙo mini maganin yarinya in duba mata awo, sai da na karanta sau uku."

Ya faɗe shi ba da zafi ba, kamar mai ba da labarin wani. Gidaɗo ya dubi takardar a hannun ɗansa. Ya ji maganar da ta daɗe a maƙogwaronsa tana tasowa, cewa shi ne, ba Bature ba, shi ne ya dubi yaron ranar cin kazar ya rufe masa baki. Amma uba ba ya faɗin irin wannan ga ɗansa a tsakiyar tasha.

Wani fasinja ya buga jikin mota. "Yalla ya usta, mu tafi direba, za mu kwana a nan ne?"

"Ga ni nan, ya sidi, ba jirgi ba ne!" Mas'udu ya mayar wa uban takardar, ya buɗe ƙofar gaba, ya ce wa wanda ke zaune ya koma baya, dattijo zai shiga. "Hau, Baba, rana ta yi zafi. In sauke ka a kwanar gida."

Gidaɗo ya hau. Motar ta kutsa cikin cunkoso, Mas'udu yana leƙa taga yana kiran Hayyis Sabi', saura mutum ɗaya.